Es-Bi, Tashar Babana

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin ƙawata Saudatu a Makarfi ba, ko da kuwa na tsufa haƙorana sun zube. A ranar ne na durƙusa gaban matar da na fi ganin girmanta a duk aikin jarida, na buɗe bakin nan nawa da ba shi da birki, saura ƙiris in rufe wa kaina ƙofar da na je roƙo a buɗe mini. Amma kafin mu shiga ɗakin da abin ya faru, bari mu fara biyawa gidanmu a Malikanci, don a can aka haifi matsalar.

Babana tsohon direban babbar mota ne. Ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar tumatir da barkono daga Ikara zuwa Kudu. Bai taɓa zama a ajin boko ba, amma ya san haruffa tsaf, kuma a jikin lambar mota ya koye su. In suna bin bayan wata mota sai ya tambayi duk wanda ke zaune kusa da shi, "Wancan mai kama da lauje fa, ya sunansa?" Da haka har ya haddace su. Abin da ya fi burge shi a lambar mota shi ne yadda ake dunƙule sunan gari sukutum a harafi biyu ko uku. Ya ce wanda ya ƙirƙiro wannan dabara ya san darajar yawun bakinsa. Tun daga nan Baba ya shiga gutsure sunan komai. Innarmu ma ba ta tsira ba, Yu-Ji yake ce mata, wai Uwar Gida. (Ta yi faɗan, ta yi fushin, ta gaji. Yanzu in ya wuni bai ce Yu-Ji ba sai ta leƙa ta ga ko lafiya.)

Ina firamare motarsa ta faɗi da shi. Allah Ya yi da sauran kwana, amma ƙafarsa ta dama ta karye, ɗorin kuma bai zauna daidai ba. Daga nan tuƙi ya ƙare. Bayan wasu shekaru yanar ido ta rufe masa gani, ya zama yana ganin haske da motsi amma ba ya iya bambance rubutu. Mutumin da ya saba keta ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, sai ga shi a falo kan katifa, ƙafa a miƙe bisa matashi. Yayanmu ne ya haɗa masa dish da sola don ya rage kaɗaici.

To ai kun san sauran. Tun da ba ya ganin tambarin tasha, da kunne yake gane kowace, kuma kowace sai da ya yanka mata rago. Tashar da ke nuna ɗawafi ita ce Ti-Em, Tashar Makka. Ta finafinan Indiya, wadda Inna ke mutuwar so, Em-Ke ce, Masu Kuka. Ta ƙwallo kuwa Ec-Bi, Hayaniyar Banza, kuma duk ranar da yayyena suka kunna ta sai ya ce a ba shi sandarsa zai fita ya ba mahaukata wuri. Akwai En-Di ta namun daji, wadda yake so saboda kukan zaki, ya ce yana tuna masa da injin motarsa a kan hawa. Wallahi mutumin nan in ka danna rimot, kafin mai magana ya gama kalma biyu zai ce maka, "Wuce, Ji-Es ce, gardamar siyasa, ba na son hawan jini." Ban taɓa ganin ya yi kuskure ba. Mu da muke da ido sai mun duba kusurwar allo, shi yana kwance ya riga mu.

Haka muka tashi, sunayen nan suka zama su ne sunaye a bakinmu. Maƙwabta ma sun ɗauka. Yarinya za ta leƙo ta ce, "Inna, wai an fara Em-Ke?" ba wanda zai yi dariya.

Sai kuma Es-Bi. Ita ce babbar tashar gidan, wata tasha ta Hausa da ke Kaduna (ba zan faɗi sunanta ba, ina son ci gaba da cin abincina). Bayan azahar akwai wata Hajiya da ke karanta labarai a cikinta. Kai, Allah Ya yi wa matar nan baiwa! Muryarta a kwance take, ba gaggawa, ba hayagaga, kowace kalma sai ta ba ta haƙƙinta kafin ta ɗauko ta gaba. Ko labarin gobara take karantawa sai ka ji kamar za a shawo kan wutar. Baba kuwa ƙafar nan tana masa zogi, ba ta barinsa ya runtsa yadda ya kamata, sai ya tashi da safe idanu jajur. Amma da zarar Hajiya ta yi sallama ta fara karatu, sai ka ga fuskarsa ta saki, kansa ya koma kan matashi. Kafin ta kai labarin wasanni ya yi nisa. Wannan barcin shi ne barcinsa na kirki a yini, har Inna kan hana a daka komai a tsakar gida a lokacin. Shi ya sa ya raɗa wa tashar Es-Bi, wato Sa Barci. A gidanmu wannan ba zagi ba ne, sarauta ce.

Ni kuwa saboda Hajiyar nan na karanta aikin jarida. Ina yarinya nakan ɗauki ludayin miya in tsaya gaban madubin Inna ina kwaikwayonta. Da na je Zariya karatun difloma na san sunan kowace tasha na gaskiya, har jarrabawa na rubuta a kai, don haka kada wani ya ce jahilci ne ya kai ni. Sabo ne, kuma an ce sabo turken wawa.

Da muka zo zangon da ake tura ɗalibai koyon aiki, kowa ya samu wuri sai ni. Duk inda na je sai a ce an cika, ko a ce oga ba ya nan, in dawo. Na dawo har masu gadi sun san launin hijabaina. Makaranta kuma ta ce wanda bai kawo shaidar wurin da ya karɓe shi ba kafin a rufe, sai dai ya jira baɗi ya bi 'yan bayansa. Ina wannan zullumin ne Saudatu ta kira ni, ta ce, "Ke, albishirinki! Kin san Hajiyarki ta labarai? Goggon angona ce, ƙanwar babansa. Za ta zo wuni. Ni dai na gaya miki, saura ya rage naki."

Ranar ban iya cin tuwo ba. Na tsara jawabi, na gyara, na sake gyarawa. A motar da ta kai ni Makarfi ina ta motsa baki ni kaɗai, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce Allah Ya karɓi zikiri.

Bayan azahar dangin ango suka iso, aka sauke su a ɗakin maman Saudatu. Na ƙwace tiren abinci daga hannun wata ƙawarmu na ce ni zan kai. Ina ɗaga labule na gan ta. Tana zaune a bakin gado cikin leshi ruwan toka, ba wani tarkacen gwal, tana sauraron wata tsohuwa kamar duk duniya ba ta da aikin da ya wuce wannan. Ɗakin cike da mata, wasu a kujera wasu a tabarma. Na ajiye tire, na durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ina wuni? An zo lafiya? Ya gajiyar hanya?"

"Lafiya lau, 'yata. Sannunku da hidima. Ke ce ƙawar amaryar tamu?"

Jama'a, muryar ce! Ita ce dai, ba ragi ba ƙari, sai ma ta fi daɗi da babu gilashi tsakaninmu. Jawabin da na haddace ya bi iska. Na ce, "Eh, Hajiya. Ni... ina ganinki a talabijin."

Ta yi murmushi. "Allah sarki. Ashe kuna kama mu a nan?"

"Kamawa kai! Hajiya, a gidanmu ai Es-Bi ce gaba da kowace tasha. Babana in ba a kunna masa Es-Bi ba, ranar ba zaman lafiya."

Ta ɗan karkata kai. "Es-Bi? Wace ce kuma Es-Bi? Sabuwa ce?"

A nan ne na ji abin da bakina ya faɗa. Na ce, "A'a, taku ce. Tasharku. Haka dai muke ce mata a gida."

"Ikon Allah. To me yake nufi?"

Da ina da wayo da na ƙirƙiro wani abu nan take. Amma ni ƙarya ba ta zo mini da sauri, sai na kwana na shirya ta. Na tsaya ina "am, wato, ai dai", ina murza gefen mayafi. Matan ɗakin suna jira, har mai cin nama ta dakata.

Ana cikin haka Goggo Asabe ta turo labule da kular zoɓo a hannu. Goggo Asabe ƙanwar Babana ce, tana aure a Gazara, kuma babu bikin da za a yi a ƙasar Makarfi ba a kira ta girki ba. Mace ce mai kirki, amma ba ta san raɗa ba, in tana magana a kicin ana ji a ƙofar gida. Ta tsinci ƙarshen zancen ne kawai. Ta dire kula ta ce, "Es-Bi? Sa Barci ke nan! Ai Yaya ne ya sa mata. Wata mata ce ke karanta labarai, tana buɗe baki yake ɓingirewa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo ba ta kallon labarai, ba ta san fuskar ba. Ta ma ƙara da tambayar ko a kawo kofuna.

Wata daga cikin dangin ango ta ce, "Au!" Wata ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa, maimakon in yi shiru in bar ƙura ta lafa, sai na ce bari in gyara. Garin gyaran gira na tsone ido.

"Hajiya, wallahi yabo ne! Ba wai ba kya burge shi ba. Duk tashoshin nan babu mai sa shi barci kamarki. Wasu sai su yi ta magana idonsa biyu, ke kuwa kina farawa sai minshari!"

Kun ji fa. Ɗalibar aikin jarida, mai neman a ɗauke ta koyon aiki. Na ji wata yarinya a bayana ta shaƙe da dariya ta fice da gudu. Goggo Asabe ta dubi Hajiya, ta dube ni, sai a lokacin ta gane, ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, ita ce?" Na so ƙasa ta tsage in shige, amma simintin ɗakin maman Saudatu mai kyau ne.

Hajiya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Ta dube ni sosai ta ce, "Baban naki lafiyarsa ƙalau kuwa? Mutum ba ya neman abin sa barci da rana haka kawai."

Wannan tambayar ce ta karya ni. Duk ɗakin abin dariya suka ji, ita kaɗai ta ji akwai ciwo a ciki. Hawaye suka cika mini ido, na ba ta labarin motar, da ƙafar, da yanar idon, da yadda Inna ke hana daka. Ban tsara ba, haka nan ya riƙa fitowa a hargitse. Ta saurara har na gama, sannan ta miƙo hannu ta ce, "Kira mini shi."

Na kira lambar Inna, na ce ta ba Baba. Hajiya ta karɓa ta sa a sifika don hayaniyar waje.

"Assalamu alaikum, Baba. Barka da rana."

Sai muka ji muryar Baba ta tashi. "La'ilaha illallahu! Yu-Ji! Yu-Ji, zo ki ji, talabijin ta shigo waya! Hajiya, ke ce? Ranki ya daɗe, ke ce da kanki?"

Ko sunanta ba ta faɗa ba. Matan ɗakin suka dubi juna.

Ta ce, "Ni ce, Baba. An ce ka yi wa tasharmu suna."

Na runtse ido. Na ce yau Baba zai ƙarasa ni. Shi kuwa ko gezau.

"An gaya miki gaskiya, Hajiya. Mai ɗori ya yi nasa, likita ya yi nasa, na sha ƙwaya har na gaji. Abin da suka kasa ba ni ke kike ba ni kullum, kuma ba ki taɓa sani ba. Yau ma da wani yaro ya karanta a madadinki ban runtsa ba, yana ta sauri kamar an biyo shi. Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan mahaifa."

Na ga Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce amin a hankali. Daga nan ta shiga tambayarsa ƙafar, a ina take zogi, da sanyi ta fi ko da zafi. Ta ce mahaifiyarta ma ta yi fama da gwiwa. Ta fara bayyana masa yadda suke yi mata, a dafa ruwa ya yi ɗumi ba zafi ba, a tsoma tawul a matse, a gasa wurin a hankali, sannan a shafa man kaɗanya daga ƙasa zuwa sama, a rufe da zane mai kauri. Tana yi tana bi daki-daki da muryar nan tata, ɗakin ya yi tsit, har ni da ke cikin tashin hankali na ji kafaɗuna sun sauka. Baba yana "to", "na'am", "haka ne". Can sai "to" ɗin ta fara nisa da juna. Can sai babu.

"Baba? Kana ji na?"

Abin da ya fito daga wayar nan ba na buƙatar in kwatanta shi. Dogo ne, mai nauyi, daga ƙasan maƙogwaro. Sai ga muryar Inna ƙasa-ƙasa, cike da kunya: "Hajiya, ki yi haƙuri don Allah. Ya ɗan samu ne. Bari in janye wayar kada ya farka."

Ɗakin ya fashe da dariya. Goggo Asabe ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe ciki. Tsohuwar da ke kusa da Hajiya tana dariya tana salati. Hajiya kanta ta yi dariya har kwallinta ya zubo, tana ɗaga hannu tana cewa, "Ku yi a hankali, kada ku tashe shi!" alhali an riga an kashe wayar. Ni kaɗai ce ban yi ba. Ina durƙushe ina lissafin yadda zan gaya wa 'yan ajinmu cewa sai baɗi.

Da ta goge ido ta ce, "To 'yar Baba, me kike yi yanzu? Karatu ko aure?"

Bakin da ɗazu ya ƙi tsayawa, yanzu ya ƙi buɗewa. Goggo Asabe ce ta biya bashin ɓarnarta, ta ce, "Irin aikinku take karanta, Hajiya. Wurin koyon aiki take nema, ta yi yawo har takalminta ya cinye. Tun tana ƙarama take kwaikwayonki da ludayi." (Ludayin bai zama dole ba, Goggo, amma na yafe.)

Hajiya ta ce, "Shi ne kika tsaya kewaye-kewaye? Ki same ni a ofis farkon mako. Na ga ba ki iya ƙarya ba, wannan rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne sanin lokacin da ake yin shiru, shi za mu koya miki."

Na je, kuma ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. A wurinta na ga abin da ba a gani a allo. Takan zo tun kafin kowa ta karanta labaran da ƙarfi ita kaɗai, ta tambayi yadda ake furta sunan kowane ƙauye don kada ta ɓata wa mutanensa. In na yi kuskure ba ta yi mini tsawa gaban mutane, sai ta ja ni gefe. Labarin Es-Bi kuwa ita da bakinta ta baza shi a ofis, tana alfahari, wai a duk lambobin yabon da aka taɓa ba ta babu wanda ya kai wannan.

Dab da zan gama, aka ba ni dama in ɗora murya a kan wani ɗan rahoto na kasuwar tumatir, a cikin labaran rana. Na kira gida na sanar. Inna ta ce Baba har wanka ya yi ya sa hula. Ana gamawa na fita bayan ofis na kira.

"Inna, ya ji? Ya yi barci?"

"Ina fa! Yana gyangyaɗi kika shigo, ya miƙe zaune. Har yanzu idonsa biyu."

Na yi tsalle, na ce a ba ni shi. Ina jiran in ji ya ce alfahari ne ya hana shi runtsawa.

Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari, na ji daɗi ƙwarai. Amma uwata, wa ya biyo ki? Murya kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Hajiya ta kusa kai ni, kika zo kika tashe ni. Ki zauna kusa da ita ki koya da kyau."

Da na gaya wa Hajiya ta ce Baba ya fi duk editocin gidan kunne, kuma in rage gudu.

Abin da na koya dai shi ne, sunan da aka raɗa a falon gida a bar shi a falon gida, in kuma ya kuɓuce, to a yi shiru kada a ce za a gyara. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo, ina rage gudu a hankali. Abokan aikina kowa da burinsa, wannan yana son a san shi a ƙasa baki ɗaya, wancan yana son ya yi hira da manya. In aka tambaye ni nawa sai in yi murmushi kawai, don ba burin da ɗan jarida zai faɗa a bainar jama'a ba ne. Ni dai so nake wata rana in karanta labarai, Inna ta kira ni ta yi ƙasa da murya ta ce Baba ya samu barci.